Kansa Mai Fuska Biyu: Lacca kan Maganin Karsinosakoma



Shugabar taro, iyayena mata da ke zaune a sahun gaba, malaman jinya, ungozomomi da ɗalibai, barkanmu da war haka. Da aka ba ni zaɓin abin da zan yi magana a kai, abokan aiki sun ce in ɗauki kansar mama ko ta bakin mahaifa, tunda su ne suka cika mana gadaje. Suna da gaskiya. Duk da haka na ɗauko wata cuta da ma'aikaciyar jinya za ta iya shekara goma tana aiki ba ta gamu da ita ba sai sau ɗaya ko biyu. Wata dattijuwa ce ta sa na yi haka, kuma da labarinta zan fara.

Shekarunta sittin da 'yan kai, ta aurar da 'ya'ya, ta ga jikoki. Al'ada ta ɗauke mata fiye da shekara goma, sai wata safiya ta ga jini a zane. Ba ta faɗa wa kowa a gida ba. Malamarsu ta Islamiyya ta ja gefe ta tambaya, shin za ta ci gaba da salla? Malama ta ce a shekarunta wannan jinin ciwo ne, ta tsaftace jikinta, ta yi alwala, ta yi sallarta. Amsar ta yi daidai da tambayar. To amma sunan da aka kira jinin da shi ya riga ya faɗi komai: jinin ciwo. Akwai ciwo ke nan, kuma ciwo asibiti ake kai shi. Wata bakwai tana fama da tsumma, sai da 'yarta ta lura da yawan wankin da uwar ke ɓoyewa tana yi da kanta da asuba. Ranar da suka zo, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ta ce, "Likita, yi aikinki." Da na duba, sai ga wata tsoka mai taushi ta leƙo ta bakin mahaifa, ana taɓa ta tana zubar da jini. Muka yanki kaɗan muka aika ɗakin gwaji. Takardar da ta dawo kalma ɗaya ce a cikinta mai nauyi: karsinosakoma.

Sunan kalmomi biyu ne aka haɗa. Ku ɗauki ɗakin ƙasa, akwai yaɓen da aka shafe bango da shi, akwai kuma tubalin da ya riƙe ginin. Jikin ɗan Adam ma haka yake. Kansar da ta taso daga yaɓe, wato shimfiɗar da ta lulluɓe cikin mahaifa ko hanji ko bututun nono, ita ake kira karsinoma, kuma ita ce mafi yawa. Wadda ta taso daga tubali, wato tsoka da ƙashi da guringuntsi, ita ce sakoma. A ƙa'ida kowace da gidanta, da hanyar da take bi ta yaɗu, da maganin da take ji. A wannan cuta kuwa, likitan gwaji zai sa yankin tsoka a ƙarƙashin madubi ya tarar da su biyun a cakuɗe cikin ƙari guda. Wani lokaci har guringuntsi yake gani, ko ƙashi, ko irin tsokar da ke damtse, a cikin mahaifar da Allah bai halitta da ko ɗaya daga cikinsu ba. Duk wanda ya taɓa leƙa madubin ya ga wannan ba ya mantawa. Bajamushen likita Rudolf Virchow ne ya fara amfani da sunan a 1864. A tsofaffin takardu za ku ga ana jingina ta ga Müller, saboda wani Bajamushen, Johannes Müller, shi ya bayyana a 1830 bututu biyun da mahaifa da hanyoyin ƙwai ke tsirowa daga gare su tun jaririya na ciki. Shi ya sa cutar kan fito a mahaifa, a gidan ƙwai, a bututun ƙwai, jefi-jefi ma a bakin mahaifa.

Ba ta da yawa. Cikin kansar mahaifa 100, ba ta kai 5 ba. Amma cikin mace-macen da kansar mahaifa ke jawowa, kusan 15 cikin 100 nata ne. Ta fi kama waɗanda suka haura sittin. A ƙididdigar Amurka ta fi yawa a cikin baƙaƙen mata fiye da farare, abin da ya kamata ya sa mu buɗe ido. Wadda aka taɓa yi wa gashi da na'ura a mara saboda wata kansar tana cikin haɗari fiye da sauran mata, haka ma wadda ta daɗe tana shan tamoksifen saboda kansar mama. A nan ina roƙonku, kada wata ta fita daga zauren nan ta ce wa 'yar'uwarta ta jefar da tamoksifen. Rayukan da yake cetowa sun ninka wannan haɗarin nesa ba kusa ba. Abin da ake so shi ne, mai shan sa in ta ga jini ta zo a duba ta a makon.

Yanzu ga inda zancen yake. Shekaru da dama likitoci sun sa wannan cuta a layin sakoma. Tunaninsu shi ne, tunda sakoma ce ta fi ban tsoro a ido, ita ce ke jan ragama, don haka maganin sakoma za a ba ta. Daga baya masu bincike suka fara lura da wani abu. In cutar ta tsallaka zuwa kaluluwa ko cikin ciki, galibi ɓangaren karsinoma ne ake tararwa a can. Da aka samu damar karanta ƙwayoyin gado, sai aka ga ɓangarorin biyu tambari ɗaya suke ɗauke da shi, wato uwa ɗaya ta haife su. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2017 ya duba ƙari 57, ya tarar fiye da 90 cikin 100 suna da lalacewa a ƙwayar gado mai suna TP53, wadda aikinta shi ne taka wa ƙwayar halitta burki in ta fara ɓaci. Ma'anar duk wannan ita ce karsinoma ce tun asali, wani sashenta ne ya rikiɗe ya ɗauki kamannin sakoma. Tun 2009 ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta ce a riƙa auna matakinta da ma'aunin kansar shimfiɗar mahaifa. Wani zai ce wannan gardamar malamai ce a kan suna. To wannan gardamar ce ta canza ruwan da ake ɗaura wa Hajiya a hannu.

Kafin mu je ga ruwan, tiyata ce farko in dai cutar ta cirwu. Ana cire mahaifa da gidajen ƙwai biyu da bututunsu, a ciri kaluluwar mara a duba, sau da yawa har da mayafin kitsen da ya rufe hanji. Sai dai ko an cire duk abin da ido ke gani, ko cutar tana matakin farko, tana dawowa ga mata masu yawa, kuma takan dawo ne a nesa da inda ta fara, a huhu ko a cikin ciki. Gashi yana rage dawowarta a mara, wani gwaji da aka yi a Turai aka buga a 2008 ya nuna haka, amma bai ƙara tsawon rai ba. Wuƙa da gashi wuri ɗaya suke aiki. Irin da ya riga ya bi jini sai abin da zai bi jini ya same shi. Wannan shi ne aikin kemo.

Maganin da aka fara dogara da shi sunansa ifosfamid, ɗan gidan magungunan sakoma. Wata ƙungiyar likitocin kansar mata a Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da GOG, ita ta ɗauki nauyin gwada shi, domin cuta mai ƙaranci irin wannan babu asibiti ɗaya da zai tara marasa lafiyar da za su isa a yanke hukunci. Sai an haɗa asibitoci da yawa, an yi shekaru ana jira. A ƙarshen shekarun 1980 suka ga ƙarin yana raguwa a jikin kusan mace ɗaya cikin uku. Suka haɗa shi da sisplatin, sakamakon ya fito a 2000: waɗanda ƙarinsu ya ragu sun tashi daga 36 zuwa 54 cikin 100, amma wahalar maganin ta ƙaru, tsawon rai kuwa bai canza yadda za a kafa hujja da shi ba. A 2007 suka fitar da sakamakon haɗa ifosfamid da paklitaksel. A nan ne aka fara ganin haske. Matan da cutar ta yi nisa a jikinsu, matsakaicin abin da suka rayu ya tashi daga wata 8 da 'yan kwanaki zuwa wata 13 da rabi. Wata biyar. Wanda bai taɓa zama a bakin gadon mahaifiyarsa ba zai raina wata biyar.

Amma ifosfamid magani ne mai tsada a jiki. Kwana uku a jere ake ba da shi, kowane mako uku. In jiki ya sarrafa shi, yakan fitar da wani dafi da ke ƙona mafitsara har fitsari ya koma jini, don haka dole a haɗa shi da wani maganin kariya mai suna mesna, a kuma yi ta ƙarin ruwa. Yana taɓa ƙoda. Abin da ya fi tayar wa dangi hankali shi ne yadda yake taɓa ƙwaƙwalwa. Na taɓa ganin tsohuwa mai cikakken hankali, a rana ta biyu ta daina gane ɗanta, tana magana da mutanen da ba sa ɗakin. Dangi suka ce iska ce, suka fara naɗe tabarma za su tafi da ita gida. Maganin ne, kuma da aka tsayar da shi hankalinta ya dawo. Ku tuna masu wannan cuta tsofaffi ne, da yawa da hawan jini ko ciwon suga, ƙodarsu ta riga ta gaji.

Sai tambaya ta taso. Tunda cutar karsinoma ce, me zai hana a ba ta abin da ake ba 'yan'uwanta, wato kaboplatin da paklitaksel, haɗin da aka daɗe ana amfani da shi a kansar gidan ƙwai? Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ƙaramin gwaji a 2010 ya nuna ƙarin ya ragu a jikin 54 cikin 100. Daga nan aka yi babban gwajin da ake kira GOG 261, aka ɗebi mata daga 2009 zuwa 2014, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, cikakken sakamakon ya fito a 2022. A cikin mata 449 masu cutar a mahaifa, waɗanda aka ba paklitaksel da ifosfamid matsakaicin rayuwarsu wata 29 ne, waɗanda aka ba paklitaksel da kaboplatin kuwa wata 37. Lokacin da cutar ta ɗauka kafin ta sake motsi, wata 12 ne a rukunin farko, wata 16 a na biyu. Kaboplatin ya fi rage jini, ifosfamid ya fi kawo ruɗewa da fitsarin jini. Ku fahimci kalmar matsakaici da kyau, domin dangi kan ji ta su ɗauka an yanke wa mutum ranar mutuwa. Wata 37 na nufin rabin matan sun wuce haka, wasu da shekaru masu yawa. Rai na hannun Allah, lissafin na taimaka wa likita ne ya zaɓi abin da ya fi.

Ina so mu tsaya mu yi tunanin waɗannan mata ɗari huɗu da 'yan kai. Kowace ta san cutarta mai tsanani ce, ta kuma yarda ƙuri'a ta zaɓar mata magani domin na bayanta su amfana. Hajiya ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba, amma albarkacinsu ta ci.

Ga mu nan, wannan sakamako ya fi nauyi fiye da yadda yake ga Ba'amurkiya. Haɗin kaboplatin da paklitaksel yini ɗaya ake yin sa, sau ɗaya a mako uku, galibi zagaye shida. Matar da za ta taso daga ƙauye ta zo Kano ko Zariya ko Sakkwato, bambancin yini ɗaya da kwana uku shi ne kuɗin gado, da abincin mai jinya, da gonar da aka bari, da jikokin da babu mai duba su. Magungunan biyu kuma suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, su ne dai waɗanda ɗakunan kemo namu suka saba da su.

Bari in kai ku ɗakin. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ana ɗibar jini a ga yawan fararen ƙwayoyi, da masu tsayar da zubar jini, da lafiyar ƙoda da hanta. Ana auna nauyi da tsawo, domin da su ake lissafin paklitaksel. Kaboplatin kuwa da ƙarfin ƙoda ake lissafa shi, bisa wani tsari da likitan Ingila Hilary Calvert da abokan aikinsa suka fitar a 1989, tunda ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki. Shi ya sa nake roƙon iyaye su faɗa mana duk wani jiƙo ko tsimi ko maganin ciwon jiki na kemis da ake sha. Ba don mu yi faɗa ba. In ƙoda ta raunana ba mu sani ba, adadin da ya dace jiya ya zama guba yau.

Da safe ana sa kanula, a fara da magungunan hana amai da na hana borin jini. Dalilin na biyun shi ne paklitaksel ba ya narkewa a ruwa, sai an narkar da shi a wani sinadari da ake samu daga man zurma, kuma wannan sinadarin kan sa wasu jiki ya yi bore, fuska ta yi ja, ƙirji ya toshe. Yawanci a mintunan farko hakan ke faruwa, don haka malamar jinya ba ta barin bakin gado a wannan lokacin. Awa uku ruwan ke ɗauka. Asalin maganin daga ɓawon wata bishiya ne da ke arewa maso yammacin Amurka. Monroe Wall da Mansukh Wani ne suka bayyana siffarsa a 1971, Susan Horwitz kuma ta gano yadda yake aiki a 1979: ƙwayar halitta in za ta rabu biyu takan kafa wasu zaruruwa ta ja kayan gadonta gefe da gefe, shi kuwa sai ya daskarar da zaruruwan, rabuwar ta tsaya cak. Bayan paklitaksel sai kaboplatin, rabin awa zuwa awa ɗaya. Shi ɗan gidan ƙarfen platinam ne, yana shiga ya ɗaure igiyar gadon ƙwayar yadda ba za ta iya kwafar kanta ba. Kafin la'asar mara lafiya ta kama hanyar gida.

A gida ne aikinku yake farawa, ku masu jinya. Kwana biyu zuwa huɗu bayan ruwan, gaɓoɓi da ƙasusuwa kan yi ciwo, sannan ya lafa. Cikin mako na biyu ko na uku gashin kai zai fara zubewa, har gira. A faɗa mata tun kafin ta gani a matashi, a kuma faɗa mata zai dawo. Yatsun hannu da na ƙafa kan yi sanyi ko su riƙa tsira kamar ana soka allura. In ta kai ba ta iya ɗaura zane ko jan carbi, ko takalmi na sulluɓewa ba ta ji ba, a sanar da likita kafin zagaye na gaba don a rage adadi, musamman mai ciwon suga. Abin da ya fi duka haɗari shi ne zazzaɓi. A mako na biyu fararen ƙwayoyin jini kan yi ƙasa sosai, jiki ya zama gari ba ganuwa. Mu a nan duk zazzaɓi sunansa maleriya, a aiki yaro kemis ya sayo magani, a jira gobe. Ga mai karɓar kemo, zafin jiki da ya kai 38 a ma'auni hanyar asibiti ce a daren, ko ƙarfe nawa ne. Ma'aunin zafi na cikin kayan da nake so kowane gida mai irin wannan jinya ya mallaka, a kuma koya wa mutum biyu karanta shi.

Karsinosakomar gidan ƙwai kuwa ba zan daɗe a kanta ba. Ta fi ta mahaifa ƙaranci, ba ta cika zuwa da jini ba, kumburin ciki da saurin ƙoshi ne alamunta, shi ya sa ake ganinta a makare. Tiyata ce mai faɗi, sannan wannan haɗin dai. A gwajin GOG 261 da na ambata akwai mata 90 masu irinta, su ma sakamakon ya karkata ga kaboplatin, ko da yake yawansu bai kai a kafa hujja mai ƙarfi da shi ba.

Akwai sababbin ƙofofi da suka fara buɗewa. A 2023 gwajin RUBY ya nuna amfanin ƙara dostarlimab, maganin da ke kwance wa garkuwar jiki dabaibayi, a kan haɗin nan biyu ga masu kansar mahaifa da ta yi nisa, kuma an sa masu karsinosakoma a cikinsa, abin da yawancin gwaje-gwaje ba sa yi. A shekarar dai, likitoci a Japan suka ba da rahoton raguwar ƙari a jikin mata da dama da cutar ta dawo musu, da wani magani da ke bin alamar HER2 a jikin ƙwayar. Kuɗin waɗannan ya fi ƙarfin kusan duk wanda ke zauren nan. Na ambace su ne don ɗalibai su sani, domin a zamaninku za su sauko.

Abin da ke hannunmu yau shi ne takardar gwaji. Na sha karɓar mace an yi mata aiki a wani wuri, an cire mahaifa an ce ƙari ne, an nuna wa dangi a roba, an binne. Bayan wata shida ta zo ciki ya cika da ruwa, babu wanda zai iya cewa me aka cire. Wannan yana ƙona mini rai ƙwarai. Duk tarihin da na ba ku, daga Virchow zuwa 2022, ba shi da amfani ga matar da ba a san sunan cutarta ba. Duk naman da aka cire daga mahaifar macen da ta daina al'ada, a sa shi a ruwan adana tsoka a kai ɗakin gwaji, dangi kuma su bi sawu har takarda ta fito, su riƙe kwafinta. Wani lokaci ɗan yankin farko ɓangare ɗaya kawai yake nunawa, sai an duba mahaifar gaba ɗaya fuska ta biyu ke bayyana.

Hajiya an yi mata tiyata, ta fara kemo bayan ciwon ya warke. A zagaye na huɗu babban ɗanta ya same ni a baranda ya ce, "Likita, tunda ta samu sauƙi, ko a bar ta haka? Wallahi mun sayar da abin da za mu sayar." Na zaunar da shi na nuna masa cewa sauƙin da yake gani tiyata ce ta kawo shi, zagayen da suka rage kuwa na abin da ido ba ya gani ne. Ya yi shiru, ya tafi. 'Yan'uwa suka yi karo-karo, matan Islamiyyarsu ma suka kawo nasu, malamar nan ce ta tattara. Ta kammala shida. Yanzu duk wata uku take zuwa a duba ta. Gashin ya fito fari fat, mai laushi kamar na jariri. Yatsun ƙafarta har yanzu ba su gama dawowa ba, don haka ta koma sa takalmi mai maɗauri. Zuwanta na ƙarshe ba ita kaɗai ta zo ba, ta riƙo hannun wata maƙwabciyarta da ta ga jini kwana tara da suka wuce. Ta tura ta gabana ta ce, "Likita, ga wata. Ita ma duba ta."

Shugabar taro, a nan zan tsaya, sai a ba masu tambaya dama.